Kofin purji ya fito shuɗi tsaf, amma da ruwa a tanki: ina yake ɓuya?

Ɗalibin tuƙi, Yamai:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan purji ce, ɗiban man da ake yi daga ƙasan tankin jirgin sama a duba kafin a tashi. Jirgin Cessna 172 ne na shekarun 1970, purji ɗaya a kowane fiffike, sai maɓallin da ake ja a gefen inji don zubar da abin da ke cikin kofin tacewa. A waje yake kwana, babu hangar, ga shi Agusta ta shigo da ruwa kusan kowane kwana biyu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ana iya cika kofi sau biyu mai ya fito shuɗi babu ko ɗigo, sai a girgiza fiffike a sake ɗiba, sai ga ƙwayoyin ruwa a gindin kofi. Ina ruwan yake a ɗiban farko? Kuma da gaske ne idan an bar tanki a cike da dare ruwa ba ya taruwa? Sai maganar man tano, wato duro: minti nawa ake jira bayan an zuba kafin a yi purji? Idan akwai wanda ya san yadda abin yake a jirage masu ƙafar wutsiya irin Piper Cub ko Jodel, ya taimaka ya ƙara mana.

Tsohon makaniki, Tawa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kofin da ya fito tsaf abu ɗaya kawai ya shaida maka: babu ruwa a bakin purjin a wannan lokacin. Bai ce komai ba a kan sauran tankin.

Lita ɗaya ta avgas, wato man jirage masu injin fiston, nauyinta kusan giram 720 ne, ta ruwa kilo guda, don haka ruwa yana nutsewa. Amma nutsewa daban, gangarowa daban. Ƙasan tankin 172 kusan a shimfiɗe yake, karkatar fiffike zuwa jikin jirgi ƴar kaɗan ce, kuma ruwa a cikin mai dunƙulewa yake yi ƙwaya-ƙwaya ya manne wa alminiyom. Tankin da ya shekara hamsin ba ya rasa ɗan lotsi a ƙasa, kuma kowane lotsi tafki ne. Purjin yana kusurwar baya ta wajen jikin jirgi. Idan an ajiye jirgin a wurin da ya karkata, ko taya ɗaya ta yi sanyi, ko ƙafar gaba ta zauna har hanci ya sunkuya, to wuri mafi zurfi ya bar purjin ya koma wata kusurwa, ruwan kuma can zai bi.

Ga yadda ake yi. A fara tsayar da jirgin a wuri daidai, a duba iskar tayoyi da tsawon ƙafar gaba. A ɗiba daga fukafukai tukuna, kofi cike, ba rabin yatsa ba. Kada a fara da kofin tacewa na inji, wanda muke kira dekanter, domin idan ka buɗe shi alhali ruwa na kwance a bakin tanki, da hannunka ka jawo ruwan cikin tiyo. Idan ko ɗigo ɗaya ya fito, a ci gaba da ɗiba har ya ɗauke, sannan mutum ya kama ƙarshen fiffike ya ɗaga ya sauke a hankali kamar sau goma, a danne wutsiya ƙasa a riƙe ta ɗan lokaci don ruwan ya gangaro baya, a bari ya kwanta ƴan mintoci, a sake ɗiba. Haka za a yi ta maimaitawa har girgiza ta daina fito da komai. A damina, ko ɗiban farko ya fito tsaf, a girgiza.

Sai dekanter. Littafin jirgin ya ce a ja maɓallin kamar daƙiƙa huɗu. Matsalar ita ce mai jan maɓalli ba ya ganin abin da ke zuba ƙarƙashin hanci, kuma ruwa da mai a kan kwalta duk jiƙa suke yi. A sa wani ya tara kofi, ko a ajiye kwalbar gilashi a ƙarƙashin bututun. Robinen mai ya kasance a buɗe, in ba haka ba abin da ke cikin kofin kaɗai zai fito, na tiyo ya tsaya inda yake. Bayan an gama a tura maɓallin har ƙarshe, a leƙa a tabbatar ɗiga ta tsaya.

Akwai wurin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. A ƙarƙashin cikin jirgin, daidai robinen zaɓen tanki, akwai toshiya mai zare. Nan ne tiyo ya fi sauka ƙasa kafin ya hau zuwa dekanter. A tsofaffin 172 toshiya ce kawai, sai da kile ake kwance ta, shi ya sa take shekara ba a taɓa ta ba. Idan an ga ruwa a dekanter, to dole a kwance wannan, a kuma kwance toshiyar da ke gindin karbirato a zubar da abin da ke cikin kwanonsa, a mayar a ɗaure da wayar kulle. Wannan aikin makaniki ne mai lasisi, kuma jirgin ba ya tashi sai an yi shi. Kamfanin da kansa ya gane purji uku ba su isa ba: 172R da 172S, da suka fito bayan an koma ƙera jirgin a 1996, purji 13 gare su, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki.

Masu Cessna 180 da 185 da tsofaffin 182 da 206 nasu ya fi muni, domin tankinsu jakar roba ce a cikin fiffike. Robar tana tsufa ta yi tamoji a ƙasa, kowane tamoji ya zama madatsa. A 1984 hukumar jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarnin dole a kan wannan, na a duba jakunkunan da murafe, a kuma riƙa girgiza fukafukai kafin purji idan tamojin bai gyaru ba.

Maganar cika tanki da dare, a yi lissafi. Iskar da ta ƙoshi da laima a zafin digiri 30 tana ɗauke da ruwa kusan giram 30 a kowace mita kubik. Idan sararin da babu mai a tanki lita 100 ne, duk ruwan da ke cikin iskar bai wuce giram 3 ba, ko ƙaramin cokali bai cika ba, kuma ba duka ke sauka ba. A watanni yana taruwa, gaskiya ne. Amma idan aka samu rabin kofi na ruwa bayan dare ɗaya, ba raɓa ba ce, murfi ne. Murfin da yake daidai da fatar fiffike, mai ɗan hannu da ake kwantarwa, zoben roba biyu gare shi: babba a gewaye, da ƙarami a jikin sandar tsakiya. Kowa na duba babban, ƙaramin kuwa shi ne ranar Sahel ke busarwa ya tsattsage, ruwan sama ya taru a ramin hannun ya bi sandar ya shiga. A lanƙwasa zoben da yatsa, idan an ga tsaga ko ya yi tauri a canja duka biyun. A duba wuyan tankin ma, tsatsa a inda robar ke zama tana hana ta kamawa ko sabuwa ce.

Mai kula da mai, Yamai:

Baba ya gama maganar tanki. Ni zan tsaya a kan tano, domin sau da yawa ruwan tare da man ake zuba shi.

Tano mai lita 200 numfashi yake yi. Da rana ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita ta zaren murfi. Hadari ya taso da yamma, ruwa mai sanyi ya sauka a kansa, cikin ya tsuke, sai ya zuƙi ruwan da ya taru a saman tanon ta wannan zaren dai. Murfi a rufe, hatimi bai karye ba, amma ruwa ya shiga. Shi ya sa ake kwantar da tano a gefensa a kan katako, murafen biyu a kwance daidai da juna, ɗaya dama ɗaya hagu, ta yadda mai ya rufe su daga ciki. Idan dole ya tsaya, a sa dutse a gefe ɗaya ya karkata don ruwa ya zube ba tare da ya kai murfi ba, a lulluɓe shi.

Kafin a ɗiba a tayar da shi, a karkata shi kaɗan, a bar shi ya kwanta. Ƙa'idar da aka saba da ita ga avgas ita ce minti 15 ga kowane zurfin santimita 30. Tano ya kusa santimita 90, minti 45 ke nan. Sannan a shafa man gwajin ruwa irin Kolor Kut a bakin sanda mai tsabta a zura ta gefen da ya fi zurfi. Idan launi ya canja, da ruwa. Bututun famfo kada ya taɓa gindi, a bar kamar yatsu huɗu, kuma a sa shi gefen da ya ɗaga. Lita biyar ko shida na ƙarshe ba na jirgi ba ne. A cikin fiffike zurfin bai kai santimita 30 ba, don haka minti 15 bayan zuba mai ya isa kafin purji. Wanda ya yi purji nan take bayan an cire tiyo, ruwan na nan yana yawo a tsakiyar mai, kofi zai fito tsaf.

Duba kofin ma akwai yadda ake yi. A ɗaga shi a gaban farin abu, jikin jirgin ma ya isa, ba a gaban sararin sama ba, domin shuɗin sama yana sa ruwa zalla ya yi kama da 100LL, wato avgas mai launin shuɗi. Wannan shi ne tarkon da ya fi haɗari: kofi ya cika da ruwa tsantsa, babu layin rabuwa, mutum ya ce lafiya. A shinshina. Idan ana shakka a ɗiga ruwa kaɗan a ciki. Idan ya sauka gindi ya dunƙule, mai ne a kofin, idan ya ɓace, ruwa ne. Mai da ya yi hazo-hazo yana ɗauke da ruwan da bai kwanta ba. Jan gari tsatsa ce daga tano ko wuyan tanki, baƙaƙen ɓarɓashi roba ce ke ruɓewa, yashi kuwa ƙurar da ke zuwa gaban hadari ce ta samu ƙofa.

Sai kananzir ɗin jirage, Jet A-1. A filayenmu shi ya fi yawa, avgas ne baƙo, kuma daga waje ake kawo shi. Idan an gauraya su launin shuɗi ba lallai ya ɓace ba. A ɗiga ƴan ɗigo a farar takarda: avgas yana bushewa nan da nan bai bar komai ba, mai gauraye da kananzir yana barin tabon maiƙo. Injin fiston da ya sha wannan gauraye zai tashi, zai ma yi aiki daidai a ƙasa, sai an ba shi wuta duka ya fara ƙwanƙwasa ya ƙone fiston.

Man mota kuwa, sai jirgin da ke da takardar izini ta musamman, kuma izinin ya haramta wanda ke da etanol. Gwajinsa: kwalba mai ma'aunin mililita 100, ruwa zuwa 10, mai zuwa 100, a girgiza a jira minti goma. Idan layin ƙasa ya hau sama da 10, da etanol. Man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

Kada a manta da waya mai maƙalli tsakanin tano da mazurari da jirgi, a haɗa ta kafin a buɗe murfi. Mai da ke gudu ta cikin matata yana tara wuta a jikinsa, kuma a hunturu da iska ta bushe tartsatsi ɗaya ya isa.

Ɗalibin tuƙi, Yamai:

Na gode Baba, na gode Malam. Saura abu biyu. Idan da ruwa a tanki, me ya sa inji ke tashi lafiya, ya yi tafiya har bakin pisti, wato titin tashi, gwajin manyeto, na'urar da ke ba inji tartsatsi, ya fito daidai, sai an bar ƙasa ya mutu? Sannan man da aka ɗiba a kofi, a mayar tanki ko a zubar?

Malamin tuƙi, Yamai:

Ƙanena, amsar farko tana cikin yawan man da inji ke sha. A tsaye ko ana tafiya a ƙasa, injin 172 ƴan litoci yake sha a awa, kuma daga kwanon karbirato da dekanter da tiyo yake sha, man jiya ne mai kyau. Da an tura wuta duka, shansa ya kusa lita 50 a awa. A daidai lokacin ne kuma jirgi ke girgiza a kan pisti, gudu ya tura komai baya, hanci ya ɗaga, duk ruwan da ya manne a lotsi ya saki ya gangaro bakin tiyo. Dekanter yana riƙe abin da kofinsa zai ɗauka, sauran ya wuce. Lissafin yakan faɗo daidai lokacin da jirgi ya bar ƙasa bai yi nisa ba, pisti ta ƙare a baya. Gwajin manyeto wuta yake gwadawa, ba mai ba.

Don haka kada a canja tanki ana gab da shiga pisti. Tankin da aka yi gwajin inji da shi, da shi ake tashi. A 172 robine yana kan duka biyun. Idan inji ya yi tari ko sau ɗaya ana gudu a ƙasa, a janye wuta a tsaya. Idan ya mutu bayan an ɗaga, hanci ƙasa nan take, a riƙe gudun da littafin jirgin ya rubuta, not 65 ne a 172N, wato kusan kilomita 120 a awa, a sauka a abin da ke gaba. Juyowa zuwa pisti daga ƙasa-ƙasa shi ke kashe mutane, domin kwana mai tsanani da ƙarancin gudu suna sa fiffike ya saki iska.

A maganar cika tanki ina da ɗan bambanci da Baba. Lissafinsa daidai ne, amma jirgin da zai zauna makonni a damina gara a bar shi da mai sosai, don jakar roba ma ba ta son bushewa. Sai dai kada a cika har baki. Mai yana kumbura kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, lita 100 da aka zuba da asuba sun zama 102 idan rana ta ƙara digiri 20, rarar kuma ta bututun numfashi za ta zube. Kuma a zafin Afrilu da Mayu, tanki cike da mutum huɗu nauyi ne da sai an lissafa.

Bututun numfashin nan, wanda ke ƙarƙashin fiffiken hagu a bayan sandar da ke tallafe shi, a leƙa cikinsa da tocila kullum. Zanzaro yana cika shi da laka cikin yini ɗaya. Idan ya toshe, mai na fita iska ba ta shiga, sai kwararar ta yi ta raguwa har inji ya yi shiru alhali tanki cike yake. Idan an buɗe murfi aka ji ya zuƙi iska, alamar ke nan. Kada a tsokale shi da tsinke a tura lakar ciki, a kira makaniki.

Man kofi kuwa, idan akwai kofi mai rariya irin GATS, wanda ke tare ruwa da datti, ana iya mayar da mai tsabta. In kofi ne kawai, a zuba a bidon na ƙarfe da aka ware. Ba a watsa shi ƙasa, akwai darma a cikin 100LL, kuma yana cin kwalta. Lokutan purji: tashin farko na kowace rana, bayan kowane zuba mai, bayan ruwan sama, da bayan wanke jirgi.

Tsohon makaniki, Tawa:

Na yarda da malamin tuƙi a kan jirgin da zai daɗe a ajiye. Saura masu ƙafar wutsiya da ka tambaya.

Piper J-3 Cub tanki ɗaya gare shi a hanci, galan 12, kusan lita 45. Ma'aunin mansa waya ce da ta ratsa murfi, da toshiyar kwalaba a ƙasa tana iyo. Ruwan sama yana bin wayar nan ya sauka kai tsaye, don haka a kifa wani abu a kan murfin idan zai kwana waje, mai jan ƙyalle don kada a manta da shi. Fentin da ke jikin toshiyar, etanol na narkar da shi, ta jiƙe ta nutse, ɓarɓashin ya toshe rariya. A ƙasa jirgin yana zaune hanci sama, digiri goma da ɗoriya, ruwa ya koma bayan tanki inda ba lallai ya kai mafita ba, sai wutsiya ta ɗaga a kan pisti ya taho. Bayan ruwan sama mai yawa a ɗora wutsiyar a kan benci har jirgin ya daidaita kamar yana tafiya a sama, a jira, a sake ɗiba daga dekanter da robine a buɗe. Haka ake yi wa Jodel, sai dai shi katako ne da yadi, duk inda aka ga shuɗin tabo a ƙarƙashinsa a bi shi har a gano inda mai ke yoyo kafin ya jiƙa itacen.

Dekanter na waɗannan jirage, ko kofin gilashi ne ko na ƙarfe, wayar da ke riƙe shi daga ƙasa tana da goro mai murɗawa. A taɓa kofin, kada ya juya, kuma wayar kulle ta kasance a wurinta. Juwan ɗinsa, wato zoben da ke hana yoyo, idan ya bushe a canja, ƙara matse goro fasa gilashi yake yi.

Purjin kansa, ƙirar Curtis ne ko Saf-Air, idan yana ɗiga bayan an sake shi, yawanci ƙwayar yashi ce ta zauna a kan zoben roba. A danna a saki sau uku ko huɗu, in bai daina ba a canja. Wurin canjawa a sa mai lambar da littafin kayan jirgin ya ce, domin wanda wuyansa ya fi tsawo yana leƙawa sama da ƙasan tanki, ruwa ya kwanta a gewayensa ba ya fita. Kuma ba a naɗa farin tef na masu famfo a zarensa, gutsurensa yana shiga mai ya toshe karbirato. Man shafawa da ba ya narkewa a mai ake sawa, a bar zare biyu na farko babu komai.